Wa Ya Sayi Gidajen? Tarihin Waɗanda Suka Ci Ribar Rushewar Kasuwar Gidaje a Amurka

A jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, idan mutum ya kasa biyan bashin da ya ci ya sayi gida, doka ta tanadi a yi gwanjon gidan a bainar jama'a, a ƙofar kotun gunduma, ranar Talatar farko ta kowane wata. Shekara da shekaru, masu halartar wannan gwanjo ƙananan 'yan kasuwa ne na yankin, irin magini mai son ya sayi gida ɗaya ya gyara ya sayar, ko dattijon da ke neman inda zai adana kuɗin sallamarsa. A shekarar 2012 sai aka fara ganin baƙin fuskoki a matakalar kotunan da ke kewayen birnin Atlanta. Wakilan manyan kamfanonin zuba jari ne, ɗauke da cakin banki na miliyoyin daloli da jerin gidajen da aka umarce su su taya. Kafin ƙaramin ɗan kasuwa ya gama lissafinsa, an riga an sallama musu.

An saba ba da labarin rikicin kuɗi na 2008 ta fuskar waɗanda suka faɗi: bankunan da suka durƙushe da iyalan da aka fitar daga gidajensu. Amma gida ba ya ɓacewa don mai shi ya rasa shi. Duk gidan da aka ƙwace, wani ne ya saye shi, kuma da araha. Tarihin waɗannan masu saye ya nuna cewa abin da ya raba mai riba da mai asara a wancan lokaci shi ne wa'adin bashin da ke kan kowa, da kuma wanda gwamnati ta buɗe wa ƙofar samun kuɗi mai sauƙi a lokacin da ta rufe ga saura.

Yadda aka hura wutar

Bayan faɗuwar hannayen jarin kamfanonin intanet a 2000 da harin 11 ga Satumba 2001, Babban Bankin Amurka ya yi ta rage kuɗin ruwa har ya kai kashi 1 cikin 100 a watan Yunin 2003. Bashi ya yi araha, farashin gidaje ya kama hawa, mutane suka ɗauka cewa hawan ba shi da iyaka. A 2004, kashi 69 cikin 100 na iyalan Amurka suna zaune ne a gidan kansu, adadin da ba a taɓa kaiwa ba.

Wani sauyi ya riga ya faru a yadda ake ba da bashin. A da, bankin da ya ba ka rancen gida shi zai jira ka biya shi cikin shekara 30, don haka yakan bincika halinka da samunka sosai. Yanzu kuwa mai ba da bashin yakan sayar da shi cikin 'yan makonni ga manyan bankunan Wall Street, su kuma su tara dubban basussuka wuri ɗaya, su mayar da su takardun jari, su sayar wa asusun fansho da kamfanonin inshora a ko'ina cikin duniya. Tun da wanda ya ba da bashin ba shi ne zai yi asara ba idan aka kasa biya, sai bincike ya zama ɓata lokaci. Aka riƙa ba mutane rance ba tare da shaidar albashi ba, wasu ma ba tare da kafin alƙalami ba. Da yawa daga irin wannan rance kuɗin ruwansa kaɗan ne a shekara biyun farko, sannan ya yi tsalle. Dillalai kan kwantar wa mai saye hankali cewa kafin lokacin darajar gidan ta ƙaru, sai ya ci sabon bashi ya biya tsohon.

Wannan dabara tana aiki ne kawai muddin farashi na hawa. Babban Bankin ya mayar da kuɗin ruwa zuwa kashi 5.25 a tsakiyar 2006, kuma a wannan shekarar farashin gidaje ya kai ƙololuwa ya fara gangarowa.

Waɗanda suka saya a kan tudu

Ba talakawa kaɗai suka ruɗu ba. A watan Fabrairun 2007, attajiri Sam Zell, wanda ya yi wa kansa laƙabi da mai rawa a kan kabari saboda ƙwarewarsa wajen sayen kadarorin waɗanda suka karye, ya sayar da kamfaninsa na gine-ginen ofisoshi, Equity Office Properties, ga kamfanin Blackstone a kan dala biliyan 39. Blackstone bai tsaya riƙe su duka ba. Nan take ya shiga sayar da kaso mai yawa ga wasu masu saye.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Harry Macklowe, tsohon hannu a harkar gine-gine a New York. Ya karɓi dogayen benaye bakwai a tsakiyar Manhattan a kan kusan dala biliyan 7. Kuɗinsa na kansa a cikin cinikin dala miliyan 50 ne kacal. Sauran duka bashi ne daga Deutsche Bank da kamfanin Fortress, wanda za a biya cikin shekara ɗaya. Lissafinsa shi ne kafin wa'adin ya cika zai samu bashi mai dogon zango ya maye gurbin wannan. Da watan Fabrairun 2008 ya zo, babu bankin da ke son ba da irin wannan rance. Ya rasa benayen bakwai, ya kuma sayar da ginin General Motors, wanda shi ne abin alfaharinsa, domin ya sauke nauyi. Benayen ba su tsage ba, 'yan haya ba su gudu ba, kuma bayan 'yan shekaru darajarsu ta dawo. Lokaci ne ya ƙure masa.

Haka ta faru da rukunin gidajen Stuyvesant Town da Peter Cooper Village, masu ɗauke da gidajen haya fiye da 11,000 a Manhattan. Kamfanonin Tishman Speyer da BlackRock sun saye su a 2006 a kan dala biliyan 5.4, bisa tsammanin za su maye gurbin tsofaffin 'yan haya masu kariyar doka da sababbi masu biyan haya mai tsada. Hakan bai yiwu da saurin da suka zata ba, kotu ma ta yanke hukunci a kansu a 2009, kuma a watan Janairun 2010 suka miƙa wa masu bin su bashi makullai. Asusun fansho na ma'aikatan jihar Kalifoniya shi kaɗai ya yi asarar dala miliyan 500 a wannan ciniki. A 2015 Blackstone da wani abokin hulɗarsa daga Kanada suka sayi rukunin a kan dala biliyan 5.3.

Guguwar da ta taso

Kamfanin New Century, ɗaya daga manyan masu ba da rance ga masu raunin samu, ya karye a watan Afrilun 2007. A watan Maris na 2008 aka cusa bankin Bear Stearns a hannun JPMorgan. Ranar 7 ga Satumba gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanoni biyun da ke saye da lamunce kaso mafi girma na basussukan gidaje a ƙasar. Ranar 15 ga wata Lehman Brothers ya durƙushe, washegari aka ceto kamfanin inshora na AIG da rancen dala biliyan 85. A farkon Oktoba Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 700 don tallafa wa harkar kuɗi. A watan Disamba Babban Bankin ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifiri, inda ya zauna har shekara bakwai.

A unguwanni kuwa abin ya ɗauki lokaci yana cin mutane. Daga 2006 zuwa farkon 2012 farashin gidaje ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin 100 a faɗin ƙasar, a biranen Las Vegas da Phoenix ma ya zarce rabi. Rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a watan Oktoban 2009. A 2010 kaɗai, gidaje kusan miliyan 2.9 ne aka aika wa takardar shirin ƙwacewa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu rancen gida bashin da ke kansu ya fi darajar gidan. Binciken Babban Bankin ya nuna dukiyar matsakaicin iyali ta ragu da kusan kashi 39 cikin 100 tsakanin 2007 da 2010.

Raɗaɗin bai rabu daidai ba. Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa tsakanin 2005 da 2009 dukiyar matsakaicin iyali na 'yan asalin Latin Amurka ta faɗi da kashi 66, ta baƙar fata da kashi 53, ta farar fata da kashi 16. Dalili ɗaya shi ne gida ne kusan dukkan abin da iyalan farko biyu suka mallaka. Wani dalilin ya fito a gaban shari'a: Countrywide ya amince ya biya dala miliyan 335 a 2011, Wells Fargo kuma dala miliyan 175 a 2012, kan zargin caje su kuɗin ruwa mafi tsada ko tura su ga rance mai haɗari alhali sun cancanci mai sauƙi.

Araha ba ta kowa ba ce

A ka'ida, faɗuwar farashi dama ce ga matashin da bai taɓa mallakar gida ba. A zahiri, bankunan da jiya suke raba bashi ido rufe yau sun koma neman cikakken albashi, da kafin alƙalami mai kauri, da tarihin biyan bashi marar tabo. Wanda aka taɓa ƙwace wa gida yakan jira har shekara bakwai kafin ya sake cancantar rancen da Fannie Mae ke lamuncewa. Gwanjon ƙofar kotu kuma ba ya jiran takardun banki, kuɗi hannu ake biya. Shi ya sa a 2011 da 2012 kusan kashi 30 cikin 100 na cinikin tsofaffin gidaje a Amurka da tsabar kuɗi aka yi shi.

Na farkon waɗanda suka shigo da kuɗi su ne waɗanda suka ci riba daga faɗuwar kanta. John Paulson ya sayi wani nau'in inshora a kan takardun bashin gidaje da ba nasa ba, wanda zai biya shi idan masu rancen suka kasa biya. A 2007 asusunsa ya samu kimanin dala biliyan 15, shi kansa kuma kusan biliyan 4. A 2009 ya shiga cikin ayarin attajirai, har da George Soros da Michael Dell, waɗanda Steven Mnuchin ya jagoranta suka sayi ragowar bankin IndyMac daga hannun hukumar inshorar ajiyar banki. Sun zuba kimanin dala biliyan 1.5, hukumar kuma ta yi alkawarin ɗaukar mafi yawan asarar da ta wuce wani mataki. Suka sauya wa bankin suna zuwa OneWest, ya ƙwace dubun-dubatar gidaje, aka sayar da shi a 2015 a kan dala biliyan 3.4. Bayan shekara biyu Mnuchin ya zama Sakataren Baitulmalin Amurka.

Sabon mai gidan haya

Kafin rikicin, manyan kamfanoni ba sa sayen gidajen iyali ɗai-ɗai don haya. Kula da bene guda mai ɗaki 500 abu ne mai sauƙi, amma gidaje 500 warwatse a unguwanni daban-daban, kowanne da rufinsa da famfonsa, wahala ce da ba ta biya. A watan Fabrairun 2012 Warren Buffett ya faɗa a tashar CNBC cewa da akwai hanya mai sauƙi ta kula da su, da ya sayi gidaje dubu ɗari biyu ko makamancin haka.

Lissafin da ya ja hankalinsa mai sauƙi ne. Iyalin da aka fitar daga gidansu dole su kwana a wani wuri, don haka miliyoyin masu gida suka koma 'yan haya, kuɗin haya kuma ya ƙi faɗuwa kamar yadda farashin saye ya faɗi. A ɗauki misali: gidan da aka saya dala 200,000 a 2006, ana ba da hayarsa dala 1,000 a wata, yana mayar da kashi 6 cikin 100 a shekara kafin a cire haraji da gyara. Idan aka same shi dala 100,000 a gwanjo, hayar nan dai ta zama kashi 12. Ga wanda ke iya cin bashi da kuɗin ruwa ƙasa da rabin haka, ribar a fili take, ban da abin da zai samu idan farashi ya farfaɗo.

Gwamnati ma ta nuna hanya. A watan Janairun 2012 Babban Bankin, ƙarƙashin Ben Bernanke, ya aika wa Majalisar Dokoki takarda da ke ba da shawarar mayar da gidajen da aka ƙwace zuwa na haya, kuma a wata na gaba hukumar da ke kula da Fannie Mae ta fara gwajin sayar da gidaje kusan 2,500 a dunƙule ga masu jari.

A wannan shekarar Blackstone ya kafa Invitation Homes. Ya ɗauki dillalai da 'yan kwangila a Phoenix, Atlanta, Tampa, Las Vegas da kudancin Kalifoniya, yana amfani da kwamfuta wajen tantance gidajen da suka dace: masu ɗaki uku, ba tsofaffi sosai ba, kusa da makarantu masu kyau. A ganiyar sayen yana kashe fiye da dala miliyan 100 a kowane mako. Cikin 'yan shekaru ya tara gidaje kusan 50,000 da kuɗi kimanin dala biliyan 10. Wasu suka bi sahu, kamar American Homes 4 Rent na B. Wayne Hughes da Colony American Homes na Tom Barrack.

Bambancin Blackstone da Macklowe yana cikin irin kuɗin da kowa ya riƙe. Jarin Blackstone ya fito ne daga asusun fansho da na gwamnatoci waɗanda suka amince a riƙe musu kuɗi kimanin shekara goma, ba mai iya neman nasa gobe da safe. A kan wannan ya ɗora rancen biliyoyin daloli daga bankuna, ciki har da Deutsche Bank ɗin da ya karɓe benayen Macklowe. A ƙarshen 2013 kamfanin ya fitar da takardun jari na dala miliyan 479 waɗanda kuɗin hayar gidaje kusan 3,200 ke biya, irinsu na farko a tarihi. Dabarar da ta haddasa rikicin ce ta dawo, sai dai yanzu haya ake tarawa a madadin rancen gida. A farkon 2017 Fannie Mae, wanda aka kafa don taimaka wa talaka ya mallaki gida, ya lamunce wa Invitation Homes bashin dala biliyan 1. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

A wannan shekarar aka sa kamfanin a kasuwar hannayen jari, ya kuma haɗe da Starwood Waypoint suka zama mai gidaje kusan 82,000. A watan Nuwamban 2019 Blackstone ya sayar da ragowar hannun jarinsa, bayan ya kwashi kimanin dala biliyan 7, fiye da ninki biyu na abin da ya zuba daga aljihunsa.

Masu kare waɗannan kamfanoni suna da hujja. A 2012 unguwanni da yawa cike suke da kangaye, ɓarayi na cire wayoyin lantarki, farashi na ci gaba da zubewa yana jan maƙwabta ƙasa. Masu jarin sun tsayar da zubewar, sun gyara gidajen, kuma har yau rabonsu a gidajen haya na ƙasar baki ɗaya bai wuce 'yan kashi kaɗan ba. Masu suka kuma suna nuni da cewa sayen ya taru ne a wurare ƙalilan. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin tarayya na 2024 ya kiyasta cewa a yankin Atlanta manyan masu jari ne ke da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen iyali da ake haya. A wannan shekarar Invitation Homes ya amince ya biya dala miliyan 48 don sasanta ƙarar da hukumar kare masu saye ta tarayya ta shigar a kan ɓoyayyun caje-caje da riƙe kuɗin ajiyar 'yan haya.

Hanyar da aka taɓa bi

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali, ta kuma zaɓi wata hanya dabam. A 1933, a tsakiyar babban karayar tattalin arziki, gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC. Aikinta shi ne ta sayi rancen da ya gagari mai gida daga hannun banki, ta sake rubuta masa shi a kan shekara 15 da kuɗin ruwa mai sauƙi. Cikin shekara uku ta yi wa iyalai kusan miliyan ɗaya haka. Kusan kashi ɗaya cikin biyar sun sake gazawa, amma saura sun riƙe gidajensu, kuma da aka rufe hukumar a 1951 ta mayar wa baitulmali ɗan rarar kuɗi. Tana da nata tabon, domin taswirorinta sun yi wa unguwannin baƙar fata jan layi a matsayin wuraren haɗari. Duk da haka, lokacin da ake buƙata don tsallake guguwar, mai gida ta ba wa.

Shirin da gwamnatin Barack Obama ta ɓullo da shi a 2009 bai sayi basussukan ba. Ya ba kamfanonin karɓar bashi ɗan tukuici ne don su sassauta da son ransu, kuma bai kai ga iyalai miliyan 3 zuwa 4 da aka yi alkawari ba. Ƙudirin da zai ba alƙalai ikon rage uwar kuɗin rancen gida ya faɗi a Majalisar Dattawa a watan Afrilun 2009. A 2010 aka gano ma'aikatan wasu bankuna na sa hannu a dubban takardun ƙwace gida a wata ba tare da sun karanta ba, abin da ya kai ga sasancin dala biliyan 25 da manyan bankuna biyar a 2012. Kafin nan gidaje da yawa sun riga sun tafi.

Mu ma a nan akwai karatun da aka gada cewa ƙasa ba ta asara, kuma tarihin Amurka bai ƙaryata shi gaba ɗaya ba, tun da farashin ya dawo. Abin da ya ƙara a kai shi ne dawowar ta ɗauki shekara goma, kuma wanda wa'adin bashinsa ya cika a shekara ta biyu ko aikinsa ya tafi a ta uku bai ga ta goma ba. Kafin mutum ya tambayi nawa gida zai kai nan gaba, ya kamata ya san wata nawa zai iya riƙe shi idan haya ta tsaya, da kuma wanda ke da ikon tilasta masa sayarwa.

A ƙarshen 2016 ma'aunin farashin gidaje na Case-Shiller ya haura inda ya tsaya a 2006. A cikin wannan shekarar ce kuma adadin iyalan Amurka masu zaune a gidan kansu ya sauka zuwa kashi 62.9 cikin 100, mafi ƙanƙanta tun 1965.